Mai Miƙa Tikiti da Hagu

A tasharmu ta mota a Kumasi akwai wata mai sayar da tikiti, siririya mai furfura a goshi, na ji ana kiranta Antiwaa. Hannunta na dama a shanye yake, tana kwantar da shi a cinya kamar jinjiri. Ramin tagar sayar da tikitin kuwa ta dama aka huda shi, don haka kowane tikiti sai ta murɗa jiki, kafaɗa na gogar katako, ta miƙo da hagu.

"Yi haƙuri da hagu, Baba," ta ce wa tsohon da ke gabana. Ya karɓa yana tsaki.

Manajan tashar na wucewa da ledar dokunu, tuwon masarar nan na Gana, ta tare shi: "Maigida, maganar mayar da ramin nan hagu fa? Haƙƙina ne, ba roƙo nake ba."

"Antiwaa, albarkacina kike ci. Wa zai ɗauki mai hannu ɗaya?"

Ta koma kan tikitinta. Ina jin akwai 'ya'yan da ke jiranta a gida. Zuciyata na tafasa, layi ya zo kaina, ta sake murɗawa.

"Yi haƙuri da hagu, ɗan'uwa."

Duk faɗin tashar nan, ita kaɗai ke ba da haƙuri.