Hutun Ajimi Direba

Jama'a a gyara zama! Ga yayata, Ya Mu'mina ta unguwar Wulari, sarauniyar kwamfutar ofishin ma'aikata, wadda da yatsa ɗaya take yi wa ƙato ritaya.

Gaban sunan kowane ma'aikaci zaɓi huɗu ne: yana aiki, yana hutu, ya bar aiki, ya rasu. Mijinta Ajimi, direban ofishin, ya ɗauki hanyar Damboa shekara biyu ke nan, ba shi ba labarinsa. Kwamfuta kuwa ba ta da gurbin wanda ya ɓace, sai Ya Mu'mina ta sa shi a hutu. Duk kwana talatin sai ta sabunta, ta daɗe tana kallon hotonsa da hularsa a karkace.

Sabon shugabansu ya ce kafin Juma'a ta zaɓi ɗaya cikin biyun ƙarshe. Ranar Alhamis na leƙa, na tarar ta ƙara wa Ajimi wasu kwana talatin.

Na ce, "Ya Mu'mina, ko gwamna bai taɓa samun hutu irin na mijinki ba. In suka kore ki fa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ka ga gawarsa ne? To matsa, ka tare min fanka."