Malam Gwadabe da Motarsa Mai Fito

Duk wanda ya zauna a layinmu a Kumbotso ya san abin da Malam Gwadabe yake yi in ya dawo daga sallar asuba. Ba ya shiga gida. Rumfar kwanon da ke jikin katangarsa yake nufa, ya yaye tamfol ɗin da ya rufe motarsa, ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ƙura mata ido kamar mai karanta wasiƙa. Sannan ya tayar da injin, ya bar shi yana ɗumama, ya zauna a benci ya sha kokonsa. Ƙarfe bakwai saura kwata ya kama hanyar Challawa da ma'aikata huɗu a ciki, duk waɗanda suka riga zuwa. In ya isa masaƙar da yake aiki kuwa ba ya kashe motar nan take, sai ya yi minti biyu a zaune injin yana aiki a hankali. Maigadi ya daɗe yana zaton addu'a yake yi. Ashe jira yake ƙarafa su huce.

A watan jiya Malam Gwadabe ya ajiye aiki. Bakanike ne, ya fara a Bompai yana saurayi, ya ƙare a masaƙarmu ta Challawa yana kula da janareto da injunan saƙa. Ni maƙwabcinsa ne, kuma a ɓangaren rini nake aiki, don haka abin da zan faɗa na gani da idona.

Motar ta wani injiniya Bature ce, daga ƙasarsu ya zo da ita. Injinta ya kama, ta yi damina biyu a bayan sito, ciyawa ta kewaye ta. Da zai koma gida a 1981 sai ya ce Gwadabe ya ɗauka ya cire abin da zai yi masa amfani. Da igiya aka jawo ta har ƙofar gida. Matarsa Sauda ta leƙo daga zaure, ta dube ta sama da ƙasa.

"Malam, wannan kuma fa?"

"Mota ce."

"Na ga alama. Akurkin kaji ma muna nema dama."

Abin da ya ja hankalinsa wata 'yar na'ura ce mai kamar dodon koɗi a gefen injin, wadda ake kira turbo. Ya yi mini bayani wata Asabar, yana riƙe da ita a tafin hannu. "Ka san zugazugin maƙeri? To shi ne wannan. Hayaƙin da injin ya zubar shi ke juya ta, ita kuma ta hura masa iska. Wuta in ta sami iska ai ka san sauran." A lokacin, bakaniken da ya taɓa kwance irinta a ƙaramar mota bai da yawa a garin nan. Shi a jikin janareton masaƙa ya san ta.

Wata takwas ya yi yana tayar da injin, da la'asar bayan an tashi aiki da ranakun hutu. Da motar ta tashi, mun ɗauka an gama. Ashe a lokacin aka fara. Ya ce an ƙera motar ne don ƙasar sanyi, iskar da turbo ke hurawa tana shiga da zafi, ga kuma ranar Kano. Ya samo lagireton wata tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, ya kai wa mai walda a Sharada, ya ɗaura a gaban motar don iskar ta bi ta ciki ta huce. Ya sa wani maƙeri a cikin gari ya yanka masa gaskit na jan ƙarfe, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarafan injin. Ya faɗaɗa bututun salansa. Wani agogon awon iska da aka jefar a masaƙa, ya gyara shi ya kafa kusa da sitiyari, don ya riƙa ganin ƙarfin da turbo ke turawa. Sauda ta nemi sabuwar rariyarta mako guda, daga baya ta gan ta a bakin bututun shan iska, tana tare ƙwari da ciyayi.

Amma kafin ya ƙara wa turbo ƙarfi ko kaɗan, sai da ya sauke tayoyi huɗun ya sake birki gaba ɗaya, ya sa manya. Na ce masa, "Kai da kake neman gudu, me ya kai ka birki?" Ya ce, "Gali, duk motar da ban iya tsayar da ita ba, ba zan koya mata gudu ba."

Ranar gwaji na farko ba ta yi kyau ba. Mun hau hanyar Zawaciki, ya taka totur, motar ta saki wani siririn fito, bayana ya manne da kujera, ina salati ina dariya. Sai muka ji fam! Bututun iska ya fice, awakin bakin hanya suka watse, wani mai keke ya faɗa gona. Gwadabe ya fito ya ba shi haƙuri, ya miƙe masa kan keken, sannan ya leƙa injin yana murmushi. "Alhamdu lillahi. Ta nuna mini inda ba ta da ƙarfi." Daga ranar unguwa ta raɗa mata suna Mai Fito.

Labarinta ya kai Bompai. Samari 'ya'yan masu hali suka fara zuwa da motocinsu, kowa yana so a sa tasa ta yi fito. Ba ya korar kowa. Sai ya zagaya motar, ya shafa tayoyi, ya taka birki, ya ce, "Je ka gyara waɗannan, ka dawo da izinin mahaifinka." Ko ɗaya bai taɓa amsa gayyatar tsere ba.

Ranar da muka san amfanin wannan wahala wata Talata ce a daminar 1985, wajen sha ɗaya na safe. Labaran, wani mutumin Damagaram da ke aiki tare da ni, injin matse yadi ya kama masa hannun dama. Kafin a kashe injin, tafin ya dagargaje. Motar masaƙa ta tafi kai kaya. Gwadabe ya zo a guje da kayan aiki a jikinsa, ya kwantar da kujerar bayan Mai Fito, muka sa Labaran. A asibitin cikin gari suka tsayar da jini, suka ɗaure. Likitan ya ce mai iya ɗinke irin waɗannan jijiyoyi yana Zariya, in an kai shi da wuri wataƙila a ceci hannun, in an makara sai yankewa.

Labaran ya ji. Ya dubi Gwadabe, idonsa ya cika. "Malam, ku taimake ni. 'Ya'yana biyar, da hannun nan nake ci da su."

"Riƙe masa hannun sama, Gali," in ji Gwadabe. "Kada ka sauke ko ka gaji."

Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Ba hauka a ciki. In hanya ta miƙe ba kowa, sai ya taka, fiton ya tashi, tirela ta koma baya kamar a tsaye take. In mun shigo gari ya sassauta kamar mai ɗauke da ƙwai. Idonsa ɗaya a titi, ɗaya a agogon nan na masaƙa. Bayan Kwanar Dangora, muna cikin gudu sosai, garken shanu ya fito daga bayan wata gona ya cika titi. Na runtse ido. Na ji ƙarar taya, na ji ƙaurin roba, motar ta tsaya cak ba ta karkace ba. Da na buɗe ido, wata farar saniya tana leƙen gilashi. Labaran, duk da azabar da yake ciki, ya ce, "Malam, ku gaishe ta." Muka yi dariya mu uku.

Tafiyar da motar haya ke yi a awa biyu da rabi, mun yi ta a awa ɗaya da rabi. Gwadabe ya taimaka aka shiga da Labaran, sannan ya dawo ya zauna a gefen motar, na miƙa masa ruwa. An cire yatsu biyu, an ceci uku da tafin. Bayan wata huɗu Labaran ya dawo aiki, yana nan har yau.

Daga nan Mai Fito ta zama ta kowa. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai wanda maciji ya sara, ta ɗauko tsohuwar liman daga Haɗeja. Sauda kanta yanzu gaba take zama, tana cewa a buɗe mata gilashi.

Malam Gwadabe, kai ne wanda aka ba gwangwani ya mai da shi abin ceton rai. Kai ne ka yi shekaru kana kwanciya a ƙarƙashin injin wasu, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba ka kuma taɓa nema ba. Sarkin sifana, mai hannun da baƙin mai ya ƙi fita. Ba ka yi makarantar injiniya ba, amma ka saurari ƙarfe har ya gaya maka abin da ke damunsa.

A walimar sallama da muka yi masa a harabar masaƙa, manaja ya tambaye shi me zai yi da hutunsa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata 'yar ƙara a giya ta uku, shekara biyu ina nemanta." Wurin ya ɗauki dariya, shi kuwa da gaske yake.

Mun gode, Malam. Iyalan Labaran sun gode, layinmu ya gode. Masu sana'a kuma, musamman ku da kuke tasowa a garejojin Sharada da Bompai, ku je Kumbotso ku zauna a bencin nan tun yana da ƙarfin nuna muku. Ku koyi haƙurinsa, ku koyi yin aiki don wanda zai shiga motar bayan kun rufe bonat. Allah Ya ƙara maka lafiya, Gwadabe, Ya sa yadda ka kai mutane inda za su lafiya, kai ma a kai ka inda kake fata.