Ranar da Aka Yaye Badaru

Badaru ƙanena ne, ni yake bi. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama lafiya. Rediyon Baba sau biyu yana kwance ta, sau biyu yana shan bulala, a na uku kuwa ya mayar da ita ta yi magana. Shi ya sa yana ɗan shekara sha biyu Baba ya kama hannunsa ya kai shi garejin Oga Kalilu a bakin tashar Daura, ya ce, "Ga amana nan, Malam Kalilu."

Shekara sha shida ya yi a garejin nan. A nan gemu ya fito masa, a nan ya auri Murjanatu, har ta yi haihuwa biyu, amma ba a yaye shi ba. Su makanikai komai iyawarka, sai oganka ya tara 'yan ƙungiya, an shafa fatiha, ya miƙa maka sifana da hannunsa, sannan ka buɗe wurinka. Duk shekara Oga Kalilu sai ya ce, "Bayan sallah, Badaru." Shi kuma ya ce, "Allah ya kai mu, Oga." Ko a gida ba ya bari a taɓa mutumin nan. "Ubana ne," in ji shi.

To, bayan an ƙaddamar da shari'a da 'yan shekaru, sai motoci 'yan Baljiyam suka cika gari, masu injekta da birenbos, ɗan akwatin nan da ke auna wa inji mai da wuta. Ba wanda ya san kansu. Abin da ake yi, a cire injektar a ɗaura kafireta, irin ta tsofaffin motoci, ita ta riƙa ba inji mai, shi ke nan. Oga Kalilu kuwa shi ne sarkin wannan aiki, har duro biyu ya cika da kayan da ya ciccire. Badaru in an tashi cin abinci sai ya tsuguna gaban duron yana jujjuya su. Sau uku yana zuwa Ƙofar Ruwa a Kano wurin wani da ya iya, yana kallo yana tambaya.

Akwai wani direba Jafaru, mai Golf, Daura zuwa Zango yake yi, bakinsa ya fi hon ɗinsa ƙara. Ran nan ya zo yana kuka, wai motarsa tana shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya. Badaru ya ce, "Kawo ta. In cire kafireta in sa mata injekta."

Tasha ta ɗauki dariya. "Kowa yana fita rijiya, kai za ka shiga?"

Oga Kalilu bai yi dariya ba. A gaban Alhaji Sama'ila, shugaban ƙungiyar makanikai, ya ce, "Bar shi ya yi. In ta je Zango ta dawo lafiya, a ranar zan yaye shi."

Mako biyu Badaru ya yi a kan motar nan. Komai daga Kano ya ɗauko, har da distiributa ta injekta, wato abin da ke raba wa fulogai wuta kowanne a lokacinsa. Ran Laraba ya gama. Alhamis akwai suna a Baure wurin dangin Murjanatu, ya ce ba zai je ba. Oga ya ce, "Haba, ka ƙi zumunci saboda ƙarfe? Je ka, motar tana hannuna."

Ran Juma'a da hantsi aka murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, tana wani gurnani mai laushi. Jafaru ya leƙo ta taga ya ce, "Kai! Injiniya, ko dai matata zan ba ka?" Suka hau hanya. Suna fita gari ya sa giya ta huɗu ya taka totur, sai inji ya fara ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Allurar zafi ta miƙe. Salansa ta yi harbi har akuyoyin bakin titi suka watse. Da rarrafe suka dawo tasha.

'Yan tasha suka tare su da tsiya: "Injiniyan Kano, sannu da zuwa! Yaya mutanen Zango?"

Badaru ya ce taimin ne, wuta ce ke zuwa kafin lokacinta. Ya juya inji ya kawo fistan na ɗaya sama, ya duba alamar da ke jikin fuli, ya sassauta noti, ya riƙa murza distiributa a hankali yana sauraro, kunnensa kamar zai taɓa inji. A tsaye sumul. A hanya tsakuwa. Ya ja wutar baya, ƙarar ta ragu amma ƙarfi ya tafi, har mai keke ya wuce su yana ɗaga musu hannu. Ya canza fulogai. Ya canza wayoyi. Ya bi wayar birenbos ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyar, ya rame, idonsa ya faɗa.

Jafaru ya daina wasa. "Iyalina iska za su ci, Badaru?"

Alhaji Sama'ila ya kira shi gefe ya ce, "Jibi. In ba ta je Zango ba a mayar masa da kafiretarsa, kai kuma ba ka ƙara taɓa injekta a tashar nan. Maganar yaye kuma ka san inda ta tsaya."

Washegari Badaru bai ɗauki sifana ba tukuna. Ya zauna a kan taya ya zuba wa motar ido. Me ya sa sai inji ya ɗau gudu take haukacewa? Birenbos ne ke tura wuta gaba in gudu ya ƙaru. Wannan kuwa kamar mutum biyu ne ke turawa lokaci ɗaya. Ya miƙe ya zare distiributar gaba ɗaya, abin da bai yi ba duk kwanakin nan, don ya yarda da ita, shi ya zaɓo ta. Ya buɗe ta har ƙasa. Sai ga wasu 'yan ƙarafa biyu da sifirin, irin waɗanda ke tura wuta gaba a motar kafireta. Tasa ba ta da su. Da idonsa ya duba a Kano.

Ya kifa ta, ya goge baƙin mai da gefen rigarsa. Ɗigo uku a jere. Duk wani ƙarfe na garejin Oga Kalilu ana buga masa ɗigo uku da ƙusa saboda ɓarayi, kuma shekara da shekaru Badaru ne mai bugawa. An cire mata ɗan gwangwanin da distiributar kafireta ke da shi a gefe don kada a gane, an ɗora mata murfin tasa. Aiki mai tsabta. Hannun gwani.

Oga yana rumfa yana shan fura. Badaru ya durƙusa yadda ya saba, ya ajiye ta a gabansa, gindinta a sama.

"Oga, wannan fa?"

Oga ya kalla, ya kai ludayi baki. "Distiributa ce."

"Taka ce, Oga. Ina tawa?"

Sai da ya haɗiye sannan ya ce, "In motar nan ta je Zango, wa zai sake kawo mini cire injekta? Da furfurata zan zo in tsuguna gabanka ka koya mini waya?"

"Da ka ce in bari, wallahi da na bari."

"Da ba ka bari ba. Ni na raine ka, na san ka."

"To ba ni tawa."

"Ban ga komai ba. Ga kotun shari'a can, je ka sa a kira ni. Ka tsaya ka ga an ɗora wa ubanka Alƙur'ani."

Badaru ya miƙe. Ya san ba zai iya ba, Oga ma ya san haka, shi ya sa ya faɗa. Ya ɗauki distiributar ya wuce wurin Hussaini mai walda, ya nuna masa 'yan ƙarafan ya ce, "Ɗiga mini wuta nan da nan, kada su sake motsi." Ya mayar da ita, ya sake saita taimin daga farko.

Da safe Alhaji Sama'ila da kansa ya zauna gaba. Jafaru ya sa ta huɗu, ya taka, kowa ya yi shiru yana jiran tsakuwa. Babu. Ya sa ta biyar. Gonakin gero sai wucewa suke. Kafin a ankara ga Zango. Jafaru ya fito ya rungumi bonet yana ihu, "Amaryata ta dawo! Ku duba allurar mai, ko gezau!"

Da suka dawo tasha ta cika. Alhaji ya ce, "Me ya same ta ne, Badaru?"

Oga yana tsaye a bakin rumfa. Badaru ya kalli ƙasa ya ce, "Taimin ne, Alhaji."

"To, Kalilu, alƙawari kaya ne."

Oga ya shiga ya fito da sifana. Badaru ya durƙusa ya buɗe hannu biyu. Oga ya wurga ta ƙasa, ta faɗi a cikin baƙin mai, ya juya ya koma ciki. Alhaji Sama'ila ya sunkuya da tsufansa ya ɗauka, ya goge da hannun babbar rigarsa, ya ɗora wa Badaru a tafi. Aka shafa fatiha.

A gida kam mun yi guɗa har muryata ta dushe. Ƙanena ya zama oga! Yau daga Baure, daga Zango, har daga tsallaken iyaka ake kawo masa masu injekta. Amma ranar, Murjanatu ta yanka zakara, an kawo masa ya kasa kai loma. Na ce, "Kai, ci mana, ranarka ce."

Ya ce, "Yaya, kwana biyar ina canza fulogan da ba su da laifi. Oga yana tsaye a kaina. Shi yake miƙo mini su."