Direban Da Ya Hana Alhaji Shiga Teku Ran Talata

Wata goma sha ɗaya a shekara, Malam Abdul-Mumuni Zailani direban bas ne. Da sassafe zai ratsa unguwar Aldwych ta London da jar motarsa, ba mai kallon fuskarsa. A watan Agusta kuwa sai ya ɗauki hutu, ya tattara iyalan Hausawan London ya kai su Elmina, garinsu na bakin teku a Ghana. Tun 1983 yake yi. Bana, bayan shekara goma sha biyar, gwiwa ta ce ya isa. Ƙungiyoyinmu da ke raba lambar yabo ga duk mai babbar riga ba su lura ba.

A can ba ya barin baƙo ya kwanta a otal. Takalma a hannu, kowa ya bi shi cikin yashi. Yaran da suka tashi a flat ya sa su jan taru da masunta, ya hau da su tsohuwar ganuwa, ya koya musu fasa kwakwa. Marigayiya matata Hadizatu ta je a 1991, lokacin ƙafa ta riga ta ƙi. Shi da ƙaninsa suka ɗauke ta a kujera har ruwa ya taɓa ta. Ni ina inuwa da littafi.

A wannan tafiyar ta 1991 ne Alhaji Mailafiya, wanda rabin matafiyan danginsa ne, ya ce ran Talata zai shiga kwalekwale. Masuntan garin kuwa ba sa shiga teku ran Talata, tun kakanni.

"Na yi booking tun daga London," Alhaji ya ce wa Abdul-Mumuni. "Nemo mini mai jirgin da zai yarda."

"Za a samu, ranka ya daɗe. Amma gobe garin nan ba mai amsa sallamata."

"To baɗi na yi cancel, ni da mutanena duka. Direban bas ne zai tsara mini rana?"

"Direban bas ne, Alhaji. Ba na tsayawa inda ba tasha."

Ya san in Alhaji ya janye, tafiyar ta mutu. Duk da haka ya juya ya kai sauran ƙarƙashin itatuwan kwakwa, suka yini suna taya masunta ɗinkin taru. Hamdatu, 'yar Alhaji mai karatun jami'a, ta bi su.

Ran Laraba sarkin masunta, da labari ya kai masa, ya zo da kansa da babban kwalekwalensa, wanda bai taɓa ɗaukar baƙo ba. Ya kai matafiyan har inda gari ya ɓace. Alhaji ya shiga. Ya yi amai sau uku, ya sauko yana cewa dama shi ya ba da shawarar Laraba.

Kai ne, Abdul-Mumuni, ka nuna mana baƙo ba ya fin mai gari, ko daga London ya taso. Mai taru, mun gode. Masu neman a san da su, ga wanda za ku kwaikwaya.

Alhaji bai yi cancel ba. Bana Hamdatu ce ta karɓi jagorancin tafiyar. Na ga takardar da ta liƙa a masallacin Regent's Park bayan Juma'a. Kowace rana da abin yi. A gaban Talata ta rubuta: ɗinkin taru.