Waƙafin da Malam Issaka Ya Gani

Ina cikin trotro, motar haya, a shataletalen Circle, direba na cacar baki da wani mai turin kaya, sai wayata ta yi ƙara. Hajia Mariama ce, matar Malam Issaka. Ba ta tsaya gaisuwa ba. "Awudu, babanka ya tafi. Bayan azahar za a yi jana'iza, ka zo Maamobi." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sauka ban kai inda za ni ba. Ba zan ɓoye ba, kafin hawaye su zo mini fushi ya riga su, domin mutumin nan ya koma ga Allah da baƙin sunan da ba nasa ba ne.

Ba shi ya haife ni ba, amma shi ya koya mini aikin da nake ci da iyalina. Shekara tara muna tebur ɗaya a wani kamfani mai tsara bututun ruwa na masana'antu. Aikinmu shi ne mu gina bututun a cikin kwamfuta. Akwai manhajar da ke kwaikwayon yadda ruwa ke gudu a ciki, inda yake matsewa da inda yake sakewa. Tana da baiwa biyu. Tana karɓar lambobi kai tsaye daga mitocin da ke jikin bututun gaskiya, sannan in an ba ta izini, tana iya rufe bawul, wato makullin ruwa, ko kashe injin famfo ba tare da ta tambayi kowa ba. Malam ya yarda da ta farkon, ta biyun kuwa kullum a tsorace yake da ita. Yakan ce mini, "Ka bar ta ta ji, amma kar ka ba ta hannu sai ka tabbata abin da ta ji shi aka faɗa."

Mutum ne mai wahalar sha'ani, wannan kowa ya shaida. Sai ya bar sanyin ofis ya bi layin bututu da ƙafa cikin rana, ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfe yana sauraro kamar mai duba zazzaɓi. Mukan yi masa tsiya cewa kwamfuta ta riga ta gaya masa amsar. Sai ya ce, "Ita ba ta taɓa jiƙewa ba." Jan bironsa ya yi mini ɓarna a takardu ba adadi, amma bai taɓa gwale ni a gaban mutane ba. Sai mun zauna cin waakye, shinkafa da wake, a unguwar Nima sannan zai ce, "Awudu, lambar nan ta jiya, kai ka gamsu da ita?" Famfunan alwala na masallacin unguwarsu kuwa shi ke gyara su da hannunsa, da babbar rigarsa da komai.

Ga abin da ya faru, kuma ina so a karanta shi da kyau. Wani ɗan kwangila daga Lome ya sa mana sababbin mitoci a wani babban layi. Mutanen can masu Faransanci ba sa sa ɗigo a tsakiyar lamba yadda muke yi, waƙafi suke sawa. Inda mu za mu rubuta 4.5, su 4,5 suke rubutawa. Manhajarmu ba ta san wannan ba, sai ta riƙa watsar da waƙafin tana karanta 45. Duk ofishin babu wanda ya lura sai Malam, saboda mahaifinsa Bazabarme ne daga Nijar, tun yana ƙarami ya saba ganin irin wannan rubutu. Ya kira ni ya nuna mini da bakin biro. Sannan ya rubuta wa manaja wasiƙa: kada a ba manhajar ikon taɓa bawul sai an gyara yadda take karɓar lambobin, an kuma gwada na mako guda.

Mako guda kawai ya roƙa. Amma waɗanda suka ba mu aikin za su zo ranar Juma'a, kuma manaja na son su ga bututu yana tafiyar da kansa. Ya jira sai da Malam ya fita masallaci, sannan ya tsaya a kaina. "Awudu, chale, kunna abin nan. Tsohon nan tsoro ya yi masa yawa paa." Na san zancen waƙafin. Na gan shi da idona. Amma na danna.

Manhajar ta ga matsin ruwa ya ninka goma, ta rufe babban bawul farat ɗaya. Ruwa mai gudu in aka tare shi haka, komawa yake ya daki bututu. Bututun ya fashe a mahaɗa, ya rushe katangar shagon wata mai ɗinki, wani lebura ya karye a ƙafa. Da rahoto ya fito, sai ga shi an ce tsarin da tsohon injiniya ya gina ne ke da kuskure. Wasiƙarsa ta yi ɓatan dabo. Aka sallame shi, ni kuma na ja bakina na yi shiru.

Wanda bai san zongo, unguwanninmu na Musulmi, ba ba zai gane nauyin wannan ba. Kafin sati ya zagayo, daga Nima har New Town sunansa ya koma "injiniyan da ya fasa bututu". Da masallacinsu ya tashi haƙa rijiyar burtsatse, sai aka ɗauko wani daga waje, aka bar shi zaune a sahun gaba ba wanda ya nemi shawararsa. Shekara biyu ya yi a haka. Ina zuwa gaishe shi da burodi da lemu kamar mutumin kirki, shi kuma yana tambayata lafiyar yara.

Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai shi ne ranar sadakar uku. Manajan nan ya zo da farar riga, ya zauna a ƙarƙashin rumfa, ya ce ba su taɓa samun ma'aikaci mai kula irin marigayi ba. Kula! Kular da kuka kore shi a kanta? Amma da wane baki zan yi magana?

Da jama'a suka ragu, Hajia ta kira ni ciki ta miƙo mini ambulan. Takardu biyu ne: kwafin wasiƙarsa, da shafin rajistar manhaja wanda ke nuna wanda ya kunna ta da lokacin. Sunana ne a jiki.

"Tun ranar nan ya sani," in ji ta. "Ni na ce masa ya kai su kotu, ya ce a'a kraa, matar Awudu na da ciki. Ya ce in ya mutu in ba ka, ko ka ƙona ko ka aje, ruwanka."

Malam, har da kai nake fushi. Da ka zage ni sau ɗaya da ya fi mini sauƙi. Ban ƙona ba, ban kuma ajiye ba. Jiya na kai wa masu kamfanin takardun, na ba limamin Maamobi kwafi, na roƙe shi ya bar ni in tashi bayan sallar Juma'a in faɗa da bakina. Abin da zai sami aikina ya same shi.

Allah Ya jiƙan Malam Issaka, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajia Mariama da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsaya musu, Ya mayar musu da mutuncin gidansu. Ni kuma, jama'a, ku roƙa mini Allah Ya yafe mini, domin wanda ya kamata in nemi gafararsa na bari har an rufe shi da ƙasa ban buɗe baki ba.