Ranar Da Na Wanke Tankar Kawu

Shekaranjiya na bi ta wani lungu a Mansur, nan Makka, inda ake fentin motoci, warin tina, ruwan tsinka fenti, ya daki hancina, sai na tsaya cak kamar wadda aka kira sunanta. 'Yata tana jan abayata tana cewa mu tafi rana ta yi, ni kuwa tuni na koma Nakkasa, unguwar da na tashi, can saman dutse, ina leƙen ɗakin Kawu ta ƙofa.

Bari in faɗa maka ko wane ne Kawu, don in ba ka san matsayinsa ba, za ka ɗauka labarin wasan yara nake ba ka. Ƙanen mahaifiyata ne. Kaka da mijinta sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar sauke farali, suka yi shekaru a Sudan suna cirar auduga. A can aka haife shi, aka tsallako da shi teku yana goye. Saboda haka babu ƙasar da ta san da zamansa. Nijeriya ba ta rubuta shi ba, Sudan ba ta rubuta shi ba, nan ma ba shi da igama, wato takardar izinin zama. Ni sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Da can fentin mota yake yi, kuma an ce hannunsa ba na wasa ba ne. Wata rana 'yan jawazat, masu kamen marasa takarda, suka dira garejin. Ya faɗa ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota, ya kwanta cikin baƙin mai har la'asar, yana jin ana loda abokan aikinsa. Tun daga ranar duniyarsa ta tsaya a ƙasan matakalar unguwarmu. Daga ɗaki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. Mutum mai ƙarfi, ɗan shekara arba'in, amma sayen burodi a bakin titi sai ya aike ni.

Wani Balarabe mai shago a Jidda, wanda Kawu ya taɓa yi wa fentin mota, shi ya nemo shi har gida. Ƙananan tankokin yaƙi na roba yake sayarwa, waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali, a harhaɗa da gam, a yi musu fenti. Manyan mutane ke saye su jera a falo. Ya riƙa kawo wa Kawu kwalaye da 'yan kwalaben fenti kamar na turare, da littattafan hotuna na Yaƙin Duniya na Biyu. Kaka ta ce ba ta taɓa ganin gardi da gemu yana wasan 'yar tsana ba sai a gidanta, amma da kuɗin 'yar tsanar take sayen shinkafa, don haka tsiyar ba ta wuce baki.

Yakan bar ni in zauna a bakin ƙofa in ba zan taɓa komai ba. A nan na ji cewa kowace tankar Jamusawa da launin shekararta. A farkon yaƙi toka ce mai duhu. Da tafiya ta yi tafiya sai aka koma fito da su daga masana'anta da rawaya mai kama da yashi, a ba sojoji gwangwanin kore da na jan ƙasa, su dama da fetur ko da ruwa, su shafa da abin da ya zo hannu, har da tsintsiya. Wanda ya shafa toka a jikin tankar ƙarshen yaƙi, a wurin Kawu, daidai yake da wanda ya yi Magariba raka'a huɗu. Ba ya karanta rubutun littattafan, amma ya haddace lambar kowace kwalba, kuma yakan yi yini guda yana kallon hoto ɗaya. Ni dai ina mamakin mutumin da ya san koren dajin Turai haka, alhali a duk Nakkasa babu bishiyar da akuya za ta fake.

Shekarar da na cika goma aka fara raɗe-raɗin cewa waɗanda suka daɗe a ƙasa za su iya gyara zamansu, in sun sami ɗan ƙasa da zai tsaya musu a matsayin kafili kafin wa'adi ya cika. Mai shagon ya zo da wani babban kwali, tankar da Jamusawa suka yi wa laƙabi da damisa, ya ce wani babban mai sayensa ne ke so, mutum mai ido. Ya dafa kafaɗar Kawu ya ce in ta yi yadda ake so, zai sa shi a sunan shagonsa. Zai dawo ɗauka kafin a gama rufe hanya saboda Hajji. Ranar Kaka ta yi mana tuwo da miyar kuka, abin da sai da dalili.

Wata guda ya yi a kanta. Fentin ƙarshen yaƙi ne, lokacin da jiragen sama suka hana tankokin sakat, suna wuni a laɓe ƙarƙashin itatuwa. Rawaya, kore da jan ƙasa, sannan ɗigo-ɗigo a ko'ina, kamar yadda rana ke ratsa ganye. Da tsinken sakace ya yi ɗigon, ɗaya bayan ɗaya. Na ga ranar da ya zuba tina a kwalbar koren ya girgiza don ya tatso na ƙarshe. Daga nan aka kai ni gidan Goggo na yi mako guda, don ta haihu.

Na dawo na tarar ana gyaran gida, 'yan uwa daga Kano sun sauka a Makka za su zo gaishe da Kaka. Ta miƙa mini tsumma ta ce in bi ko'ina, har ɗakin mai 'yar tsana. Shi yana masallaci. Ina shiga na ga tankar a kan tebur. Ƙura ta lulluɓe ta, laka ta bushe a sarƙar ƙafarta, tsatsa ta zubo a gefenta, bayanta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Duk waɗanda ya yi a baya tas suke fita. Ina zan san cewa wannan karon an ce a yi ta kamar wadda ta fito daga fagen fama, cewa ƙurar nan ƙasar dutsenmu ce ya tankaɗe da rariyar Kaka, ya niƙa alli, ya yi kwana bakwai yana ɗora ta da bakin burushi? Abin da na sani kawai shi ne jibi mai shago zai zo, kuma igamar Kawu tana jikin wannan abu.

Na goge da ruwa, ƙurar ta fita. Na sa sabulu, lakar ta fita. Tsatsar ce ta ƙi, sai na tuna da abin da yake wanke burushi. Na tsoma tsumma a tina na dirza da ƙarfina. Koren ya narke ya bi tsumman, ɗigon ya cakuɗe, gefe guda ya koma roba tsirara. Garin neman gira na rasa ido.

Sai ga shi ya shigo. Ya ɗauki tankar ya juya ta a hasken taga, ya dubi tsumman da ke hannuna. Na fashe da kuka na ce na ga ta yi datti ne, kar Balaraben ya ƙi ta. Ya ce, “Na sani, Uwata. Je ki wanke hannunki, tina na cin fata.” Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Sauran launuka yana da su, kore ne babu, kuma sai Jidda. Tsakaninmu da Jidda ba nisa, amma a wannan watan kowace hanya shinge ne, ana duba takardar kowa. A gidanmu kuwa ba mai takardar nunawa. Aka buga wa mai shagon daga wayar maƙwabta, aka ce ya yi tafiya, sai ranar da zai zo. Kawu ya sauka har ƙasan matakala, ina biye da shi daga nesa. Ya tsaya yana kallon motocin Jidda suna lodi a tsallaken titi, ya daɗe, sannan ya juyo ya hau. A ƙarshe wani maƙwabci ya ba shi ragowar koren da ya shafa wa ƙofarsa. Ya yi ta haɗa shi da rawaya da baƙi yana gwadawa a marfin kwali, ya sake fentin, ya sake ɗigon, ya sake ƙurar. Na rantse maka, ni da na ga ta farko, ban ga bambanci ba.

Mai shagon ma bai gani ba. Ya zo da hantsi, yana haki saboda matakala, ya ɗaga tankar yana ta mashallah, har ya fara tambayar Kawu ko yana da hoton fasfo. Ni da Kaka muna bayan labule, ta riƙe hannuna gam. Sai muka ji muryar Kawu.

“Ya shaihi, akwai magana. Koren gefen hagu ba na asali ba ne. Fentin ƙofa ne na haɗa.”

Mutumin ya yi dariya, ya ce wa zai sani? Sai dariyar ta ɗauke, wataƙila ya tuna mai sayen nasa mai ido ne. Ya ajiye tankar ya ce ba komai, halas, wato shi ke nan, bayan Hajji zai aiko da fenti, a lokacin sai a yi maganar takarda. Bayan Hajji fenti ya zo, Kawu ya gyara, tankar ta tafi. Amma wa'adi ya riga ya wuce, kuma an ce an ba wani gurbin.

Kaka ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. Da ta buɗe baki cewa ta yi hali zanen dutse, ubansa ma haka ya mutu da taurin kai. Bai taɓa faɗa mata ni ce na yi ɓarnar ba, ta tafi kabari tana zaton kwalba ce ta kife. Ni kuwa na girma ina jin haushinsa fiye da yadda nake jin haushin kaina, kuma ba na ɓoyewa. Sai bayan na yi aure na tare shi na ce, Kawu, fisabilillahi, wa ya taɓa ganin Jamus a cikinmu? Kalma ɗaya za ka haɗiye ka zama mutum kamar kowa. Ya ajiye burushi ya ce, “Uwata, a mota na yi ƙarya, a asibiti na shiga da katin wani, har sunana na sha canzawa. Ɗakin nan kaɗai ne ban taɓa ƙarya a cikinsa ba. In na yi a nan, ina kuma zan zauna?” Ban gamsu ba, har yau ban gama gamsuwa ba, amma ban sake tambaya ba.

Yanzu ɓangarenmu na Nakkasa babu shi. An rushe, an baje dutsen, in na wuce a mota ba na iya nuna wa 'ya'yana inda ɗakin yake. Su Larabci suka fi ji, Hausarsu ta gaisuwa ce. Takardar ma ta koma cikin waya, ba a fito da ita daga aljihu. Ni na samu tawa ta hanyar mijina, ba tare da na yi wata bajinta ba. Kawu muka ɗauko shi ya zauna a ɗakin bayanmu, idonsa ya yi rauni ya bar fenti, bai kuma daina tsayawa a ƙasan matakalar gidanmu ba.

Bara ya rasu, da safe, bayan ya sha shayi. Kwana biyu mijina ya yi yana yawon ofisoshi da shaidu kafin a yarda a ba mu gawar mutumin da ba a san an haifa ba. Ya dawo ya miƙa mini takardar izinin binnewa. Ga sunan Kawu, ga sunan ubansa, an rubuta daidai, ga hatimin hukuma a ƙasa. Ita ce takarda ta farko da aka taɓa yi masa. Na zauna a gefen gadonsa na karanta ta a fili, tun daga sama har ƙasa, don shi bai samu ya gani ba.