Ranar da Kawu Ya Sumbaci Linjila

Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na miƙe zumbur. Amma ba zancen 'yan bindigar da suka kore mu daga ƙauyenmu na wajen Hasahisa a Sudan zan yi ba. Zancen mazanmu zan yi, waɗanda suka riga mu mata gudu.

A wata makaranta a Mai Wurno aka sauke mu. Cikinmu akwai wata tsohuwa Kirista daga kambo, bukkokin 'yan ƙwadago na bakin gona. Tun ina goye take tsinkar auduga a hawashar babana, wato gonarsa ta noman rani. Ita ta riƙe kakata muka ƙetare tur'a, babbar magudanar ban-ruwa, ruwa iya ƙirji, lokacin da kawuna ya yi gaba da akuyarsa ko waiwaye babu.

A ruwan nan littafinta ya jiƙe, ɗinkin ya saki. Da hantsi ta shanya takardun a filin makaranta, ta danne su da tsakuwa.

Mu kuwa da haka aka raine mu: ba a barin rubutun Larabci a ƙasa. Ko guntun jarida ne, a ɗauka a soke a tsagar bango. Kawu ya hango baƙaƙe da wasali sama da ƙasa, shi da karatunsa bai wuce allon fari ba. Ya suri takarda ɗaya, ya sumbata, ya ɗora a goshi, ya kurma ihu:

"Jama'a! Ta watsar da Alƙur'ani a ƙasa!"

Sai ga jarumai. Waɗanda suka baro takalmansu cikin laka, yau su ne da sanduna. "A fitar da ita!" Fita kuwa a lokacin, hanya ce ba kowa a kanta sai masu bindiga.

Kakata ta mintsine ni. "Ke da kika yi sakandare, amshi ki karanta muna."

Na karɓa. Na karanta a fili. Ba ayar da na taɓa ji ba ce, ga kuma sunan littafin a saman shafi.

"Kawu, Linjila ce ta Larabci. Tata ce."

Ya fizge takardar ya yi jifa da ita, yana goge baki da hannun riga. Borin kunya ya juya kan tsohuwar.

"To wane mala'ika ya sauko da wanga? Ba mutane suka rubuta ba?"

"Mutane suka rubuta, ɗana," in ji ta. "Mu ba mu ce a naɗe aka sauko da shi ba. Allah ne ya bayyana kansa, kamar a ɗaga murfin tukunya, abin da aka nuna musu suka rubuta da hannunsu. Babban wahayin ma a wurinmu ba takarda ba ne, Isa ne da kansa."

A makaranta an koya mini wahayi saukarwa ne, harafi bayan harafi, kuma a kan haka nake har gobe. Amma a nan na gane dalilin da ta shanya littafinta kamar kuɓewa ba ta ga laifi ba.

"Kun ji saɓo ko!" in ji Kawu.

Kakata ko kallonsa ba ta yi ba. "Ɗiyata, akwai sunan Allah a takardar da ya yar?"

"Akwai, Kaka, ba wuri ɗaya ba."

Sai ta dubi ɗan nata. "Ita shanya ta yi, kai jifa ka yi. Wa za a fitar? Duƙa ka ɗauka, sarkin gudu. Ko sai na kira akuyar ta taya ka?"

Wata mata ta tuntsire da dariya. Kawu ya duƙa. Kafin ya ɗago, jarumai sun fara sulalewa, kowa ya tuna da wata lalura.

Kakata ta tattara takardun a faifanta ta ɗora kan bencin ɗalibai suka ƙarasa bushewa. Tsohuwar ba ta fita ba. Tabarmarta ma aka jawo kusa da tamu.

Yanzu Kawu yana zama wurin mai shayi yana ba da labarin yadda ya hana a wulakanta littafin Ahlul Kitabi. In na wuce nakan gaishe shi, don kawuna ne. Ba na tsayawa jin amsa.